Ku Tambaya Mu Amsa: 'Yata na son koyon aikin jarida a dogon hutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. 'Yata tana SS2, ta isheni wai ita a dogon hutun nan aikin jarida zata koya, ta gani a waya wai a Amurka gidajen jaridu ne ke ɗaukar nauyin 'yan sakandare a koya musu lokacin hutu. Babanta kuma yace lesin ɗin JAMB zata shiga, wai aikin jarida gulma ce kawai da yawon tsiya. Da gaske akwai wannan abin? Kuma mu nan Jos ina zamu nufa?
Maman 'Yan Biyu, Anguwar Rogo

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yarinyar nan bata yi ƙarya ba. Akwai gidauniyar Dow Jones News Fund wadda editocin jaridar Wall Street Journal suka kafa tun 1958, ta daɗe tana zuba kuɗi a shirya wa 'yan sakandare bita a hutun bazara, yara su fita neman labari su rubuta, tsoffin hannu su gyara musu. Akwai kuma shirin jami'ar Princeton da aka fara a 2002 saboda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ko sisi basa biya. Kuma ba sadaka zalla gidajen jaridun ke yi ba, magada suke rainowa, wanda aka koya wa yau shi zai riƙe musu biro gobe. Sai dai na yaran da ke karatu can ne, kar ta ƙarar miki da data wajen cike fom.

Amma Hajiya ai ke a bakin rijiya kike kina kukan ƙishirwa. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield, PRTV, gidan rediyo da talabijin na jihar Filato, ma can take, ga jaridar Nigeria Standard tun 1972, ga sashen koyar da aikin jarida a Jami'ar Jos, gari cike da 'yan jarida da malamansu. Ki samu shugaban makarantarsu ko malamin da ke kula da kulob ɗin 'yan jarida in suna da shi, a rubuta takarda da hatimin makaranta a roƙi a bar yaran su kai ziyara ɗakin labarai, ko a turo musu ɗan rahoto ko sau ɗaya ne a sati. Takardar makaranta tafi saurin buɗe ƙofa akan yarinya taje ita kaɗai, kuma dama ban yarda taje ita kaɗai ba.

Kafin nan ga aikin da zata fara da shi. Ki haɗa ta da yayanta suje kasuwar Farin Gada da sassafe lokacin da ake sauke kaya, ta tambayi mutum uku nawa kwandon tumatir yau, nawa ne satin da ya wuce, me ya jawo, ta samu direba ɗaya shima taji ta bakinsa, ta dawo ta rubuta shafi guda. Zata ga mutum ukun nan kowa da tasa maganar, toh nan karatun yake. Ni ranar da na kai labarina na farko edita ko zama baice in yi ba, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "ance" guda huɗu ya rubuta a gefe, wa yace? Wallahi da ƙafa na koma nemo masu maganar, ruwa na dukana.

Wannan "wa yace" ɗin shine amsar babanta, a gaya masa cikin ladabi. Magulmaci da yaji sai ya yaɗa, ɗan jarida kuwa sai ya nemo mai maganar yaji ta ɗaya ɓangaren sannan ya rubuta, kuma mu mutanen Jos ba sai an bamu labarin abin da jita-jita ke jawowa ba, mun gani da idonmu. Lesin ɗin ma kar a fasa, tayi da safe, rubutun nan kuma zai taimaka mata a jarrabawar Turanci. Wanda kuma yazo da talla wai a biya kuɗi a karɓi satifiket ɗin ɗan jarida cikin kwana uku, ki tambaye shi a wane gida yake aiki, waye zai duba rubutun yaran.

Tambaya: Malam ni ɗan SS1 ne, bani da kyamara sai ƙaramar Tecno, zata yi?
Ɗalibi daga Gangare

Amsa: Zata yi ƙanena, har da rara. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko muryarsa, ka riƙe ɗan littafi da biro saboda caji baya da alƙawari, sunan wanda kayi hira da shi kuma ka karanto masa yaji ko daidai ka rubuta. Kuma ka samu leda ka ƙunshe wayar, kasan ruwan Agusta a garin nan baya sallama.