Ƙotar askar kakana ta tsage

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Kakana wanzami ne. Bayan rasuwarsa na tarar da wata aska mai ninkewa a zabirarsa, an rubuta Sheffield a gindin ruwanta. Ƙotar ta tsage daidai wurin ƙusa, sai na ɗura mata Super Glue na ɗaure da waya. Yanzu sai da ƙarfi take buɗuwa, kaifin kuma yana gogar gefe in na rufe. Na ɓata ta ke nan? Daga Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya jiƙan kaka. Ba ka ɓata ta ba, amma ka kusa. Fara kwance wayar nan yau. Ita ta matse ƙotar har kaifin ya karkace, kuma kowace rufewa ɗan gutsure shi take yi.

Sheffield gari ne a Ingila da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da asake, kamar Solingen a Jamus. Ƙarfen hannunka mai kyau ne. Abin da ya rage mu san da me aka yi ƙotar, domin maganin wata guba ne ga wata.

Goga ta da ƙarfi a jikin rigarka ka shinshina. In ka ji ƙamshin kafur, tsohuwar robar nan ce ta seluloyid. Kada asiton, ruwan da mata ke goge jan farce da shi, ya taɓa ta: yana narkar da Super Glue, amma har ita zai narkar. Kada kuma ta kusanci wuta. Na taɓa ajiye irinta kusa da kaskon gawayi wani hunturu, kafin in waiga ta kama bal, sai ruwan askar na tsinta. In kuma ka ga tsatsa ta bi ruwan daidai inda yake shigewa cikin ƙota, robar ce ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. Wannan ba ta gyaruwa, cire ta kawai.

In ƙaho ce, ka yi sa'a. Hunturun Jos ne ke busar da shi har ya tsage. Liƙa salatif kewaye da ƙusar, ka goge kanta da magagari a hankali, ka fitar da ita. Kankare tsohon gam ɗin, ka haɗa tsagar da Araldite, gam ɗin nan mai kwali biyu da ake gaurayawa, ka matse, ka bar ta kwana guda cur. Sai bayan nan ka shafe ta da man jarirai ta sha. In ka fara sa mai, gam ba zai kama ba.

Sabuwar ƙusa ta tagulla za ka sa, kauri milimita 1.6. Tambayi masu walda a Dilimi. Ƙaramar guduma za ka ɗauka, bugu sannu-sannu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, kana gwada buɗewa bayan kowane bugu kaɗan. Yawancin ƙotocin da ake kawo mini a fashe, a nan aka fasa su.

Ɗan guntun da ke tsakanin ɓarin ƙotar biyu a can ƙarshe, kada ka yar. Shi ke ba ruwan hanyar shiga tsakiya.

Kuma tun kafin ka taɓa magagari, naɗe kaifin da salatif riɓi uku. Askar wanzami ba ta san jika ba.