Amsar Kawu kan hwararen tiyon da ke jikin ƙoƙon teku

Salamu alaikum ƴan gida, ina wuninku. To ɗiyata na ga hoton da kinka turo tun da sahe, ina lakwal ne shi ya sa sai yanzu. Waɗanda ba su gani ba, babanta ne ya zo mata da ƙoƙon katantanwa daga Kotonu, jikinshi duk wasu hwararen tiyo ƙanana sun nannaɗe kamar busassar taliya, shi ne take tambaya wai cuta ce ta kama katantanwar ko saiwar ciyawa ce.

Ba ko ɗaya, gidan tsutsa ne. Mai gidan ta mutu ta bar kango. Kuma tsutsan nan dangin tana ce, wagga tanar da yara ke tonowa bakin Isa su sa ma ƙugiya, su da matsattsaku duk gida guda ne, Annelida, masu jiki gaɓa-gaɓa kamar rake. Na cikin teku mahi yawa ana ce musu poliket, ma'ana masu gashi da yawa, don gaɓoɓinsu na da ƴan ƙahwahu gehe da gehe kuma kowace ƙahwa da tuntun gashi mai tsauri. Sun hi iri 10,000, wasu yawo sukai suna hwarauta, wasu kuma sun ce a'a mu gini za mu yi mu zamna, to su ne namu na yau.

Abin da ke burge ni, kina iya gane dangi da kayan gini, kamar dai a Tawa ka ga wanga na laka wancan na siminti wancan na kara. Serpulidae su ne ƴan siminti, suna da wasu ƴan kumburi ƙarƙashin kwalar wuyansu masu hiddo hwarar ƙasa irin ta alli, sinadari guda ne da dutsen da ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti, kuma shi ma dutsen Malbazan ai ƙarƙashin tsohon teku ya taru, wannan hira ce ta wata rana. Naki na hoto na hi zaton su ne. Sabellidae kuma ƴan laka ne, yauƙin jikinsu suke kwaɓawa da taɓo, tiyon ya hito da taushi kamar hwata. Sai Sabellariidae masu ɗauko yashi tsaba ɗai-ɗai suna liƙawa da wani gam da ke kamawa cikin ruwan gishiri, ki ji hwa, mu nan ko hwacin taya sai an bushe wuri. A Faransa gaɓar Mont-Saint-Michel akwai su tuli jikin juna kamar saƙar zuma har sun zama tudu.

To wanda ya rantse ba ya hita ɗaki ya zai ci? Nan ne dabarar take. Kan Sabellidae da Serpulidae akwai wani kambi kamar gashin jimina da take buɗewa bakin tiyo, wani ja wani ruwan ɗorawa, wanda bai sani ba sai ya ce hure ne. Da shi take numhwashi da shi take tace ruwa, ƴan siraran gasu na kaɗawa suna turo abinci zuwa baki, kuma wallahi tankaɗe take yi irin na mata, mai laushi ta haɗiye, matsakaici ƴan lakan su aje don ƙarin gini, mai gwaɓi a watsar. Inuwa kawai ta gitta, ɓat, ta shige ciki kahin ki ƙihta ido, don tana da wata jijiya mai kauri da ke kai saƙo nan take, wasu har ƴan idanu gare su bisa kambin. Ƴan simintin mahi yawa suna da marhi, reshe guda na kambin ne ya rikiɗe ya zama kamar bushon kwalba, in ta shige sai ya toshe ƙohwa. In kihi ya ja ta kuma akwai ƙananan ƙugiyoyi jere a jikinta da ke cahke bango.

Na san wani cikinku zai ce to bayi hwa, tunda ƙohwa guda ce. Hahaha Alhaji na ji ka. Akwai ɗan lambatu a jikinta da ke ɗauko kashin daga ƙasa, shina biyowa ta gehen tumbi, in ya iso ƙirji sai ya kewaya ta baya don kar ya bi ta baki. Jinin wasunsu ma kore-kore ne.

Wadda ta hi rikita malamai ita ce Riftia, wata ƙatuwar tsutsa mai zama cikin tiyo, an gano ta 1977 kusa da tsibiran Galapagos, zurhin mita wajen 2,500 inda ruwan zahi ke tsattsahowa daga ƙasan teku. Tsawonta na kai mita 2, kai ja jawur, amma in ta girma ba baki ba hanji, ƙwayoyin bakteriya ne cikin jikinta ke sarrahwa mata abinci daga iskar ƙibiritu. Da can an ware ta da ƴan uwanta rukuni dabam, sai da anka duba kwayar halitta anka maido su cikin dangin tana, Siboglinidae.

Amma ɗiyata kar ki tahi ki hwaɗa ma mushenku na SVT, wato malamin darasin halittu, sunan iri, tiyo wohi ba ya isa, masana sai sun ga sihwar marhin da gashin a mikroskop. Kuma akwai wata katantanwa, Vermetidae, da ke yin tiyo kusan sak irin wanga. Ki ɓalle guntu guda ki haska da tocilan waya, in cikin na ƙyalli kamar tangaran to katantanwa ce, in dishi-dishi ne kamar alli to tsutsarmu ce. Ki ɗauko hoto kusa-kusa ki turo, ga kiran magariba can, ki gaida mamanki.