Yadda ake gane malamin lesin na ƙwarai

Hajiya, kin ce ɗanki yana ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, lissafi na ba shi wuya, kina neman malamin lesin. Takardar NCE ko digirin KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) abu ne mai kyau, amma kada ki tsaya nan. Ki zauna ki kalli darasin farko da idonki.

Malamin ƙwarai ba ya fara koyarwa ranar farko. Sai ya ɗauko tsofaffin tambayoyin WAEC kamar guda 20, ya ba yaron, ya ga inda yake tuntuɓe. Sau da yawa ciwon tsoho ne: yaro bai riƙe jadawalin sau ba tun firamare, ko alamar ɗebewa na rikita shi. In ba a toshe wannan ramin ba, komai aka zuba zai zurare.

Ki lura da wanda biro ke hannunsa. Idan malam ne ke warware komai, yaro na gyaɗa kai yana "na gane", kuɗinki na tafiya a banza. Mafi muni shi ne mai yi wa yaro aikin gida: maki ya hau a makaranta, ranar jarrabawa asiri ya tonu.

Sau uku a mako, awa ɗaya da rabi, ya isa, kuma kada ya ci lokacin Islamiyya. A yi a falo, inda ake gani. Tunda JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2 a kwamfuta, dole malamin ya riƙa gwada yaron da agogo. Wanda kuwa ya yi miki alkawarin satar amsa, ki sallame shi a ranar.