Tambaya da Amsa: Kyaftin mai lamba 14 da naɗaɗɗen kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya nuna mini bidiyon wani wasan ƙwallo na ƙasar Ostareliya, ƙwallon kamar ƙwai, filin ma haka. Akwai wani mai lamba 14, kansa naɗe da bandeji, jini na tsattsafowa, amma duk inda aka yi cincirindo yana tsakiya. Ya ce sunansa Joel Selwood, wai wasu na ganin ba a taɓa yin kyaftin kamarsa ba, wasu kuma na ce masa mayaudari. Don Allah wane ne shi, kuma wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don na sha hana idona barci saboda wannan wasa.

Bari in fara da wasan a taƙaice. 'Yan wasa 18 ne a kowane ɓangare. Sanduna huɗu ake kafawa a kowane ƙarshen fili: ka buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa biyun tsakiya, maki 6, ta bi ta gefe, maki 1. Ana riƙe ƙwallo da hannu, ana kokawa, ana kayar da mutum. Babbar gasarsu sunanta AFL.

Shi Selwood an haife shi a 1988, ɗan garin Bendigo ne a jihar Victoria, kuma su huɗu ne a ɗakinsu da suka buga AFL. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2006 sai da aka ɗauki mutum shida kafin ƙungiyar Geelong ta ɗauke shi, domin ana ɗari-ɗari da ciwon gwiwarsa. Gwiwar nan da ake tsoro ita ta kai shi wasanni 355. A shekararsa ta farko, 2007, ya zama gwarzon matasa, kuma Geelong ta ci kofin da ta shekara 44 tana nema, ta lallasa Port Adelaide da tazarar maki 119. Suka ƙara a 2009 da 2011. Yaro ɗan shekara 23, kofi uku a hannu.

Ni dai ba waɗannan kofuna ne suka sa nake ganin girmansa ba, don lokacin yana ƙarƙashin inuwar manya ne. Abin da ya biyo baya shi ne labarin. A 2012 aka ba shi kyaftin bayan Cameron Ling ya yi ritaya, sai kofi ya yi ɓatan dabo. Shekara goma cur Geelong na zuwa bakin ƙofa ana rufe mata. An fitar da su a wasan kusa da ƙarshe a 2013, 2016, 2017, 2019 da 2021. A 2020 sun kai wasan ƙarshe a Brisbane, Richmond ta doke su. Shi kansa a 2013 ƙuri'a ɗaya tak ta raba shi da lambar Brownlow, wadda ake ba gwarzon shekara, kuma tsohon abokin wasansa Gary Ablett ne ya ɗauke ta. Duk shekara sai a ce ƙungiyar ta tsufa, a rushe a sake gini. Duk shekara kuma sai ka gan shi ya sa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Bandejin da ka gani ba ado ba ne.

To, batun yaudara. A dokar wasan, in ka kama mutum sama da kafaɗa, an ba shi bugun falan ɗaya. Selwood ya ƙware a wata dabara: da ya ji an rungumo shi, sai ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga hannu, hannun mai kamun ya zame ya haye wuyansa. Sai usur. Magoya bayan abokan hamayya su yi ta ihu kamar su fasa fili. Daga baya ma hukumar AFL ta umarci alƙalan wasa su daina ba da bugun in mai ƙwallon ne ya jawo wa kansa. Ba zan ɓoye maka ba, dabarar ba ta da kyan gani, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Amma mayaudari? Ban yarda ba. Mai yaudara faɗuwa yake yi ba a taɓa shi ba, shi kuwa wannan wuyansa yake miƙawa ga ƙato mai gudu, kuma dukan yana shigarsa da gaske.

A 2022 haƙuri ya biya. Geelong ta ci wasa 15 a jere, ta haɗu da Sydney a wasan ƙarshe a filin MCG na Melbourne, gaban mutane sama da 100,000. Da za su shigo fili, Selwood ya fito ɗauke da ɗan Ablett, yaro ƙarami mai fama da rashin lafiya. Sun ci 133 da 52. A zangon ƙarshe ya murɗa wata ƙwallo da gefen ƙafa ta shige tsakanin sanduna, sai ya dafe kai, abokan wasansa suka yi masa caa. Daga yadda suka rungume shi na san tafiya ta zo.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya sanar da ritaya. Ya bar tarihi biyu: wasa 245 a matsayin kyaftin, ya wuce 226 na Stephen Kernahan, da wasa 40 a zagayen neman kofi, ya ɗara Michael Tuck da guda. Ka ce wa ƙanenka ya nemo maka bidiyon wancan wasa na 2022, ka lura da zangon farko, lokacin da sakamako bai fito fili ba tukuna.