Kyamarar Tsaron Gidana Ta Juya Da Kanta, Kuma Na Ji Murya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ƙaramar kyamara a falo, irin wadda ake kallo ta waya. Mun sa ta ne don mu riƙa leƙa yara idan mun fita aiki. Daren jiya ina zaune sai na ga kanta ya juya ya tsaya daidai inda nake, can kuma na ji kamar muryar namiji tana fitowa daga cikinta. Maigidana yana barci a lokacin, wayarsa kuma tana kan caji. Nan take na canja kalmar sirri, amma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Bai wadatar ba, kuma gara da hankalinki bai kwanta ba.

Juyawar kai kaɗai ba hujja ba ce. Kyamarori da yawa suna bin motsi da kansu idan an kunna musu wannan tsarin, wasu kuma sukan zagaya hagu da dama duk sanda wuta ta ɗauke ta dawo. Muryar ce abin dubawa. Ban da gajerun sanarwar da wasu kyamarori ke yi da kansu idan an kunna su ko ana haɗa su da Wi-Fi, lasifikar kyamara ba ta magana sai wani ya danna alamar makirufo a cikin manhaja. Tunda ba ke ba ce, ba maigida ba ne, to mu ɗauka akwai baƙo a ciki.

Kafin komai, zare ta daga soket. Kada ki tsaya gardama da mai muryar ko ki tambaye shi wane ne shi. Kada kuma ki yi saurin danna maɓallin da ke mayar da ita sabuwa, domin zai iya share sawun ɓarawon. Ki cire katin memorin da ke cikinta ki ajiye, sannan ki buɗe manhajar a wayarki ki nemo wurare biyu: inda ake nuna wayoyin da suka taɓa shiga asusun, da inda ake nuna mutanen da aka ba izinin kallo. Ki ɗauki hoton allon duka biyun. Idan kika ga sunan wata waya da ba taku ba, ko wani adireshin imel da ba ki sani ba, kin kama bakin zaren, kuma da waɗannan hotunan za ki je wurin 'yan sanda ko ki tura wa kamfanin.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce canjin da kika yi bai isa ba. Yawancin masu shiga kyamarar mutane ba katanga suke haurawa ba, makulli suke zuwa da shi. Wani shafi da kika yi rajista a cikinsa shekaru biyar da suka wuce aka sace bayanansa, imel ɗinki da kalmar sirrinki suka shiga hannun ɓata-gari, su kuma suka sa manhaja ta riƙa gwada su a wasu wuraren. Idan kalma ɗaya kike amfani da ita ko'ina, ƙofa ta buɗe. Haka aka yi a Amurka a watan Disamban 2019, lokacin da wani ya shiga kyamarar kamfanin Ring da ke ɗakin wata yarinya 'yar shekara 8 a jihar Mississippi yana yi mata magana. Kamfanin ya ce da bayanan da aka sato daga wasu wuraren aka shiga, kuma a watan Fabrairun 2020 ya tilasta wa kowa amfani da tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lamba bayan kalmar sirri.

Saboda haka imel ɗinki za ki fara gyarawa, ba kyamarar ba. Ki duba: idan mutum ya danna "na manta kalmar sirri" a manhajar kyamara, ina ake tura saƙon? Akwatin imel. Wanda ke riƙe da imel ɗinki, ko sau goma kika canja kalmar kyamara, zai sake mayar da ita yadda yake so kafin ki gama wanke hannu. Ki canja ta imel, ki kunna masa mataki na biyu, ki kuma leƙa cikin saitunansa ko an sa a riƙa tura kwafin saƙonninki zuwa wani adireshi. Wannan na ƙarshen mutane kan manta da shi. Akwai shafi mai suna Have I Been Pwned, kyauta ne, ki rubuta adireshin imel ɗinki zai nuna miki ko ya taɓa fitowa cikin bayanan da aka sace.

Bayan nan sai asusun kyamarar. Sabuwar kalma doguwa wadda ba ki taɓa sa ta a ko'ina ba. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗa da shekarar haihuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ki nemi wurin da aka rubuta a fitar da duk na'urorin da ke ciki ki danna, domin a wasu manhajojin wayar da ta riga ta shiga takan ci gaba da zama ko da an canja kalma. Ki goge duk wanda aka ba izini, har da waɗanda kika sani. Kya mayar da su daga baya ɗaya bayan ɗaya. Sai ki kunna mataki na biyu, wato lambar nan da ake nema bayan kalmar sirri. Idan akwai zaɓi tsakanin saƙon tes da manhajar bayar da lamba irin Google Authenticator, ki ɗauki manhajar.

Saura rauta, akwatin nan da ke raba Wi-Fi a gida. Kalmomin sirri biyu gare ta, mutane kuma ɗaya kawai suka sani. Akwai ta shiga Wi-Fi, akwai ta shiga ɗakin sarrafa ita kanta rautar, wadda sau da yawa tana nan yadda ta zo a jikin takardar da aka manna a ƙasanta. Ki canja duka. Tsarin tsaron ya zama WPA2 ko WPA3. Ki kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ki kashe UPnP, wanda shi ne ke barin na'ura ta buɗe wa kanta taga zuwa intanet ba tare da ta nemi izininki ba. Idan rautar tana da layin baƙi, ki ɗora kyamarar a kansa ita kaɗai, ta yadda ko an sake shiga cikinta ba za a tsallaka zuwa kwamfuta da wayoyinku ba.

Sai a ƙarshe ki jona kyamarar, ki sami ƙaramin ramin nan da ke bayanta ko ƙasanta, ki sa tsinken fil ki danne na daƙiƙa goma zuwa sha biyar har ta yi ƙara ko fitilarta ta canja launi. Ki haɗa ta kamar yau aka sayo ta, kuma abin farko da za ki yi shi ne sabunta manhajar cikinta. Idan ba kya buƙatar jin sauti, kashe makirufon.

Tambaya: Malam, wani mai sana'ar haɗa kyamarori ne ya sa min guda huɗu da akwatin naɗar bidiyo. Shi ya buɗe asusun, ya sa min manhaja a waya ya tafi. Mutumin kirki ne, amma wani aboki ya ce min yana iya kallon gidana. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, yana iyawa. Ko yana yi ko ba ya yi wani zance ne daban. Wanda ya buɗe asusu da imel ɗinsa ko lambarsa shi ne maigida a idon manhajar, kai kuwa baƙo ne da aka ba kujera.

Ba zargi nake koya maka ba, amma abin ya taɓa faruwa. A jihar Texas, wani ma'aikacin kamfanin tsaro na ADT ya riƙa ƙara imel ɗinsa a asusun abokan cinikin da ya je yi wa aiki, ya shafe sama da shekara huɗu yana leƙen gidaje kusan 200. Ya amsa laifinsa a kotu a watan Janairun 2021. Bai fasa komai ba, makullin da aka ba shi ya riƙe.

Ka kira mutumin naka cikin mutunci, ka ce kana son a mayar da mallakar na'urar kan imel ɗinka. Zai cire ta daga asusunsa, kai kuma ka ɗora ta a naka. Akwatin naɗar yana da tasa kalmar ta mai gudanarwa, ka canja ta da hannunka bayan ya tafi, ka kuma duba jerin masu amfani ko akwai wani suna na biyu da aka ƙirƙira. Ranar da ake buƙatar gyara sai ka ba shi izini na wucin gadi, ka janye idan ya gama. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba. Haka za ka yi da duk wanda ya taɓa zama a gidan ya tashi.

Tambaya: Tawa kyamarar ba ta da wani sanannen suna, na saye ta ne don araha. Na mayar da ita sabuwa sau biyu amma intanet ɗin gidan yana ta nauyi, datarmu tana ƙarewa da wuri. Ita ce?

Amsa: Tana iya zama ita. Gwajin mai sauƙi ne: zare ta kwana biyu ka ga ko abin ya sauya. Ka tuna dai kyamarar da ke tura bidiyo zuwa rumbun kamfani dama tana shan data ko lafiyarta ƙalau.

Akwai masu kutsen da ba ruwansu da abin da ke faruwa a falonka, na'urar suke so ta zama sojan haya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sawa tun daga kamfani, irin su admin da 12345. Ta tara dubban ɗaruruwan kyamarori, akwatunan naɗa da rautoci, aka kuma yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba aka afka wa kamfanin Dyn, wanda ke nuna wa na'urori hanyar zuwa manyan shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Mirai ba ta zama daram a na'ura, kashewa da kunnawa yana kore ta. Matsalar ita ce muddin ƙofar tana buɗe, cikin 'yan mintuna wata za ta sake shigowa. Ina jin abin da ke faruwa da kai ke nan.

Ka mayar da ita sabuwa alhali rautar ba ta haɗe da intanet, ka canja kalmar kafin ka jona. Ka shiga rauta ka goge duk wata ƙofa (port a Turance) da aka buɗe mata, musamman mai lamba 23, 80 ko 554. Idan kuma ka nemi shafin kamfanin ka rasa, ko ka tarar shekara da shekaru ba su fitar da sabuntawa ba, ko na'urar ta ƙi yarda a canja kalmar da ta zo da ita, to ni ba zan wahalar da kai ba: wannan ba ta gyaruwa. Ko ka bar ta tana naɗa a katin memori ba tare da intanet ba, ko ka sauya ta. Birtaniya ma tun watan Afrilun 2024 ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori masu kalmar sirri ɗaya ga kowa.

Tambaya: To idan na sayi ta babban kamfani, zan iya sa ta a ɗakin barcin yara?

Amsa: Ni dai ba zan sa ba, Hajiya. Babban suna yana rage haɗari, ba ya kawar da shi, kuma wani lokacin laifin ba naki ba ne sam. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta zargi Ring da barin ma'aikata suna kallon bidiyon mutane, aka sasanta kan dala miliyan 5.8. A watan Fabrairun 2024 kuma wata tangarɗa a kamfanin Wyze ta sa mutum kusan 13,000 suka ga hotunan da suka fito daga kyamarorin wasu gidaje. Babu kalmar sirrin da za ta hana wannan.

Ki sa ta ta kalli ƙofar shiga, tsakar gida ko barandar da ke kaiwa ɗakin. Idan jariri ne dole sai kin sa masa ido, akwai na'urar sa ido mai zuwa da ƙaramin allonta, wadda ba ta hawa intanet ko kaɗan. Idan kuma kin riga kin sayi mai Wi-Fi, ki saita ta kan gadon jaririn kawai, ki zare ta duk sanda kike cikin ɗakin.