Sridevi: Yadda jarumar da ba ta jin Hindi ta mamaye fina-finan Bombay

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kallon fina-finan Indiya ce tun ina yarinya, kuma a cikin jarumai mata babu wadda nake so kamar Sridevi, musamman a Nagina, inda ta fito a macijiya. Kwanan nan ƙanena ya ce mini wai lokacin da ta fara fim a Bombay ko Indiyanci ba ta ji, wata ce take yi mata magana, kuma wai da harsuna biyar ta yi fim. Abin ya ɗaure mini kai. Ba'indiya ce fa, ta yaya za a ce ba ta jin yaren ƙasarsu? In kuma muryar ba tata ba ce, to ina gwanintar take?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki ya faɗi gaskiya, kuma ina fata idan kin gama karanta wannan amsa darajar Sridevi za ta ƙaru a idonki.

Abin da muke kira Indiyanci a nan shi ne Hindi, harshen da aka fi ji a arewacin ƙasar, wanda kuma da shi ake fina-finan Bombay, birnin da ya koma Mumbai a 1995. Amma tsarin mulkin Indiya ya lissafa harsuna 22, kuma da yawansu suna da masana'antar fim tasu, da taurarinsu, da miliyoyin 'yan kallonsu. A kudu akwai manya guda huɗu: Tamil, Telugu, Malayalam da Kannada. Waɗannan dangin juna ne, amma ba su haɗa asali da Hindi ba, hatta baƙaƙen rubutunsu daban ne. Mutumin ƙasar Tamil da bai koyi Hindi ba, in ya zauna gaban fim ɗin Bombay, kusan shi da Bahaushen Zariya ɗaya suke: fuska da motsi zai bi.

Sridevi 'yar kudu ce. An haife ta ranar 13 ga Agusta 1963 a jihar da ake kira Tamil Nadu a yau. Mahaifinta, Ayyapan, lauya ne ɗan ƙasar Tamil, mahaifiyarta Rajeswari kuma 'yar Telugu ce, saboda haka da harsuna biyu ta tashi tun daga gida. Tana da shekara huɗu aka fara sa ta a gaban kyamara, a fim ɗin Tamil mai suna Kandhan Karunai na 1967.

Abin da ya sauƙaƙa mata yawo tsakanin harsuna shi ne, a wancan zamani birnin Madras, Chennai ta yanzu, shi ne cibiyar fim ta kudu baki ɗaya. Manyan sutudiyo irin su AVM da Vijaya Vauhini suna can, kuma furodusoshin Telugu da Malayalam da Kannada can suke zuwa aiki. Sai daga baya masana'antar Telugu ta tattara ta koma Hyderabad. Yarinyar da ta iya aiki za ta fita daga wajen ɗaukar fim ɗin Tamil ta shiga na Telugu ba tare da ta bar unguwa ba. Haka Sridevi ta yi. A 1970 ta shiga fina-finan Telugu, a 1971 ta ci lambar yabon jihar Kerala ta yara saboda fim ɗin Malayalam mai suna Poompatta, a 1974 ta fito a fim ɗin Kannada, a 1975 kuma ta yi ƙanwar jaruma a Julie na Hindi. Harsuna biyar ɗin da ƙanenki ya ambata sun cika tun ba ta kai shekara goma sha uku ba.

Akwai abin da ba na son a rufe a nan, domin masu ba da tarihinta sun fi son yabo kawai. Wannan yarinya ba ta yi ƙuruciya ba. Makaranta ba ta samu yadda ya kamata ba, sutudiyo ne ya raine ta. A 1972 ta fito a jikar N. T. Rama Rao, babban tauraron Telugu wanda daga baya ya mulki jihar Andhra Pradesh, a fim ɗin Badi Panthulu. Bayan shekara bakwai kacal, a Vetagadu na 1979, sai ga ta a matsayin masoyiyarsa, alhali ya girme ta da shekara arba'in. A 1976, tana da shekara 13, darakta K. Balachander ya ba ta matsayin babbar mace a Moondru Mudichu, inda ta zama matar uban jarumi Rajinikanth a cikin labarin. Ta yi aikin da kyau ƙwarai, amma ni ba na ganin daidai ne a ɗora wa yarinya irin wannan nauyi, ko da kuwa ta iya ɗauka.

Daga nan har zuwa farkon shekarun 1980 ta yi wasu daga cikin fina-finanta mafi kyau, kuma su ne waɗanda 'yan kallo a ƙasar Hausa suka fi jahilta, domin na Bombay ne suka fi zuwa sinimominmu da shagunan kaset. A 16 Vayathinile na 1977, na darakta Bharathiraja, ta fito a budurwar ƙauye mai burin zama malamar makaranta, tare da Kamal Haasan da Rajinikanth. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Moondram Pirai na 1982, na Balu Mahendra. Budurwa ce ta yi hatsarin mota, ta farfaɗo da hankalin ƙaramar yarinya, wani malamin makaranta ya ɗauke ta ya riƙa kula da ita. Wannan matsayi mai santsi ne. In jaruma ta ɗan zarce sai ya zama wasan yara, in ta rage sai a ga babbar mace ce take kwaikwayo. Sridevi ta riƙe shi daidai: yadda take tura baki, yadda take zama a ƙasa, yadda idonta ke cika da tsoro nan take ya koma murna. An sake yin fim ɗin da Hindi a 1983 da suna Sadma, da ita da Kamal Haasan ɗin dai, kuma wataƙila da wannan suna kika san shi.

Wannan sake yin fim da wani harshe shi ne gadar da ta kai ta Bombay. A Indiya, idan labari ya yi kasuwa a harshe ɗaya, sai a sayi haƙƙinsa a sake ɗaukarsa a wani, wani lokaci da darakta ɗaya da jaruma ɗaya. Labarin budurwar ƙauyen nan sau uku Sridevi ta yi shi: da Tamil a 1977, da Telugu a 1978, da Hindi a 1979 da suna Solva Sawan. Na Hindin bai karɓu ba, ta koma kudu abinta. Sai a 1983 Himmatwala ya fito, ita da Jeetendra, ya cika sinimomi. Shi ma in kin duba, ɗan kudu ne a cikin rigar arewa: labarin daga fim ɗin Telugu aka ɗauko shi, daraktan K. Raghavendra Rao ɗan Telugu ne, kamfanin da ya shirya shi ma haka. Ba ita ce ta farko da ta bi wannan hanya ba. Vyjayanthimala da Waheeda Rehman da Hema Malini da Rekha duk daga kudu suka zo. Abin lura shi ne mazan kudu ba su samu irin wannan karɓuwa ba. Kamal Haasan da Rajinikanth sun yi fina-finan Hindi da suka yi kasuwa, amma sarautarsu a Madras ta tsaya.

To, batun murya. A wancan lokaci yawancin fina-finan Indiya ba a naɗar magana a wajen ɗauka, domin kyamarorin suna da ƙara, ga hayaniyar jama'a. Bayan an gama ɗaukar hoto ake shiga sutudiyo a ɗora murya, ko da jarumin ɗan asalin harshen ne. Tun da haka tsarin yake, sa muryar wata a bakin jaruma ba baƙon abu ba ne. Mataimakin darakta zai karanta mata layinta, ya gaya mata ma'anarsa, ta haddace, ta furta a gaban kyamara don laɓɓanta su dace da kalmomin, daga baya wata ta zo ta ɗora. A fina-finanta na Hindi na farko, wadda ta fi yi mata wannan aiki ita ce Naaz, tsohuwar tauraruwar yara. A Aakhree Raasta na 1986, wanda ta yi da Amitabh Bachchan, Rekha ce da kanta ta ara mata murya. Daga Chandni na 1989 ne aka san ta da ɗora muryarta da kanta a Hindi. Waƙa kuwa dama mawaƙan bayan fage ke rerawa, kamar yadda ake yi a Kannywood. Waƙar macijiyar nan ta Nagina muryar Lata Mangeshkar ce.

Kin tambaya ina gwanintar. Ki tuna yadda kika kalli Nagina kina yarinya. Ina kyautata zaton ba Hindi kike ji ba, amma kin gane lokacin da macijiyar take jin tsoron Amrish Puri, kin gane lokacin da ta fusata, kin gane lokacin da busar nan take jan ta tana turjewa. Babu mai ɗora murya da za ta iya ba ki wannan. Jarumar da ta saba aiki da harsunan da ba nata ba, dole ta mai da ƙarfinta ga ido da gira da kafaɗa da lokacin motsi, kuma Sridevi tun tana shekara huɗu take wannan horo. Furta kalmar da ba ki san ta ba, kina kuka a daidai gaɓar da ya dace, kina kuma sauraron abokin wasanki kamar kina jin abin da yake faɗa, ya fi wuya a kan yin wasa da harshen uwa. Ban ce murya ba ta da muhimmanci ba. Naaz ta cancanci yabon da ba ta samu ba, kuma wannan zalunci ne da masana'antar ta daɗe tana yi wa masu ɗora murya. Amma abin da ya sa kika ƙaunaci Sridevi nata ne.

Barkwancinta ma daga jiki yake fitowa. A Mr. India na 1987 ta yi shigar Charlie Chaplin, mutumin da ya yi suna ba tare da magana ba, ta kuma ba da dariya ta hanyarsa. A ChaalBaaz na 1989 ta yi tagwaye, ɗaya matsoraciya ɗaya 'yar duniya, kuma tun kafin a buɗe baki, tafiya kaɗai ta isa ki bambance su. Ta ci lambar Filmfare, babbar lambar yabo ta fina-finan Hindi, da shi. Ta sake ci da Lamhe na 1991, inda ta fito uwa kuma 'ya. A zamanin da jarumi namiji ne ke sayar da fim, ita sunanta kaɗai yana cika sinima. Duk da haka ba ta yar da kudu ba: a 1990 ta yi Jagadeka Veerudu Athiloka Sundari da Chiranjeevi, a 1991 ta yi Kshana Kshanam na Ram Gopal Varma, dukansu da Telugu, a 1996 kuma ta koma Malayalam da Devaraagam. In za ki ji shawarata, ki nemi Kshana Kshanam mai fassara a ƙasa. A can za ki gan ta a sake, cikin harshen mahaifiyarta.

Ta auri furodusa Boney Kapoor a 1996, bayan Judaai na 1997 kuma ta ajiye fim don rainon 'ya'yanta biyu, Janhvi da Khushi. Shekara 15 ta yi kafin ta dawo da English Vinglish a 2012, inda ta fito a matar aure da mijinta da 'yarta ke raina ta saboda ba ta iya Turanci ba, har ta shiga ajin koyo a New York. Da wuya a samu jarumar da ta fi ta sanin wannan ciwo. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri a 2013, kuma Mom na 2017 shi ake lissafawa fim ɗinta na 300.

Ta rasu ranar 24 ga Fabrairu 2018 a Dubai, bayan ta halarci bikin dangi, tana da shekara 54. Hukumomin Dubai sun ce nutsewa ta yi bisa tsautsayi a bahon wanka na otel. Bayan rasuwarta aka ba ta lambar yabo ta ƙasa ta gwarzuwar jaruma saboda Mom, mijinta da 'ya'yanta suka karɓa. Babbar 'yarta Janhvi ta fara fim da Hindi a wannan shekarar, a 2024 kuma ta fito a fim ɗin Telugu mai suna Devara, tare da jikan N. T. Rama Rao.