Amsoshin Tambayoyinku: Waya, Agogon Ƙirga Taku da Motsa Jikin Yara

Wata uwa daga Ƙofar Marusa a Katsina ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 12 ya daina fita ƙwallo tun da ya fara riƙe waya, jikinsa ya yi nauyi, kuma abin yana hana ta barci. Tana tambaya ko akwai manhajar da za ta tashe shi daga kan tabarma.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin ba a gidanki kaɗai wannan matsala take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 a kullum, irin wanda zai sa numfashinsa ya ɗaga, amma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan adadi. Wayar da ke hannunsa tana iya ƙirga taku, kuma manhajoji irin su Samsung Health kyauta ne. Sai dai ƙirga kawai manhaja take yi, abin da ke tayar da yaro shi ne abokin gasa. Ki haɗa shi da 'ya'yan 'yan uwanki a zauren WhatsApp na iyali, kowa ya turo takunsa bayan Magariba, wanda ya fi a mako a ba shi ɗan tukuici. Ki sa Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, ta riƙa rufe wasannin wayar bayan La'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Kuma don Allah kada a yi masa gorin ƙiba a gaban ƙannensa.

Wani magidanci daga Daura ya ga tallar agogon hannu a Facebook a kan naira 15,000, wanda aka ce yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya da hawan jini da sukari. Yana so ya saya wa 'ya'yansa uku.

Alhaji, ka mayar da kuɗinka aljihu. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Abin da manyan kamfanoni ba su kai gare shi ba, ta yaya zai iso gare ka a farashin da bai kai na buhun masara ba? Agogon ƙwarai yana haska koren haske cikin fata, ya karanta yadda jini ke kai da komowa, daga nan ya lissafa bugun zuciya. Da yawa daga cikin na jabu fitila ce kawai aka liƙa a bayansu, lambobin da suke nunawa kuma tun daga masana'anta aka shirya su. Na taɓa ɗora irinsa a kan kantar wani shago, sai ga shi ya ba katako hawan jini mai kyau, mai shagon kuwa ko kunya bai ji ba, cewa ya yi wai agogon bai gama saituwa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke sayen irin waɗannan kaya don a gani a hannun yaro ranar Sallah, ba don amfaninsu ba. Bayan wata biyu batiri ya daina riƙe caji, madauri ya tsinke, mai talla kuma ya sauya suna ya rufe layinsa. Ga kuma manhajar da ake tilasta ka sauke kafin agogon ya yi aiki, wadda za ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka da wurin da kake, alhali ba ka san wanda ya ƙirƙire ta ba. Naira 45,000 ɗin nan ta ishe ka sayen ƙwallo mai kyau da igiyar tsalle, har ka gyara tsohon keken da na tabbata yana jingine a zaure. Idan kuwa lallai sai agogo, ka saya ɗaya mai sunan kamfani sananne a shagon da za ka iya komawa, ka gwada shi a gaban mai shi da taku 100 da ka ƙirga da bakinka, kuma kada ka tura kuɗi kafin kaya su zo hannunka.

Wani matashi yana tambaya ko dole ne ƙanensa ya cika taku 10,000 kullum, kuma ko girgiza waya da hannu zai wadatar.

Wannan adadi daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965, ba wahayi ba ne. Batun girgiza waya kuwa, ko Keke Napep ka hau a hanya mai gargada wayar za ta ba ka lada, amma cinyarka ta san gaskiya. Kada ka sake aiko mini da irin wannan.

Wata malamar makaranta daga Ƙofar Ƙaura tana da 'ya mai shekara 13 wadda ba a barinta zuwa fili, tana so ta san ko bidiyoyin motsa jiki na YouTube sun dace.

Malama, tambayarki ta fi sauran muhimmanci, domin a binciken da na ambata 'yan mata ne suka fi zama wuri ɗaya, kashi 85 cikin 100. Ki zaɓi bidiyon da kanki, na minti 10 zuwa 15 wanda ba ya buƙatar kayan aiki, ki sauke shi sau ɗaya don kada data ta riƙa zurarewa kullum. Ki guji masu tallar shayin rage tumbi da masu koyar da ƙin cin abinci. Kada ta ɗora bidiyon kanta a TikTok, kuma ki kashe alamar wuri a duk manhajar da ke zana hanyar da mutum ya bi, domin a 2018 taswirar wata manhajar motsa jiki mai suna Strava ta fallasa har sansanonin sojan Amurka, balle gidan malamar makaranta. Idan maƙwabta suna da sa'o'inta, ki kira su tsakar gida su yi tsallen igiya da 'yar gala-gala, ita kuma wayar ta riƙe musu lokaci da lissafin wadda ta ci.